Shin Tiririn Wayar Salula Yana Lalata Ƙwayoyin Jikin Mutum?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a nan Sakkwato, ina sarowa daga wajajen Gada da Goronyo ina aikawa Kudu. Sana'ata duk a waya take. Wata rana tun hantsi har dare waya na kunnena, har in ji kunnen ya yi zafi, kai ya yi nauyi. Kwanan baya an turo muna wata murya a WhatsApp, mai maganar na cewa tiririn waya yana dafa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wai har ƙwai yana dafawa in an sa shi tsakanin waya biyu, yana kawo cutar kansa, yana kuma kashe maniyyin mai sa waya a aljihun wando. Abin ya tsaya mani a rai, don shekarata uku da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, ga kuma ƙarfen sabis a bayan gidanmu. Don Allah mi na gaskiyar wanga al'amari?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya kuma ba ku zuri'a ɗayyiba. Tambayarka tana da rassa, amma gindinta ɗaya ne: abin da waya ke fitarwa idan tana magana da ƙarfen sabis, yana iya shiga ƙwayoyin halittar jikin mutum ya ɓata su? In yana iyawa, to kansa da rashin haihuwa duk suna iya biyowa baya. In ba ya iyawa, sai mu nemi dalilin zafin kunnenka da jinkirin haihuwarku a wani wurin. Aikina kimiyyar haskoki ce ta asibiti, wato auna injinan hoton ƙashi da na gasa cutar kansa don kada su cutar da majiyyaci ko ma'aikaci, ina kuma koyar da ɗalibai. Ta wannan fuskar zan ba ka amsa.

Abin da ke fita daga waya

Waya tana mayar da muryarka igiyar rediyo ne ta aika wa ƙarfen sabis. Tun da aka fara GSM a Najeriya a 2001, layukanmu suna aiki a kan megahaz 900 da 1800 (megahaz ɗaya shi ne kaɗawar igiya sau miliyan a daƙiƙa), daga baya 3G ta zo a kan 2100, ita kuma 5G da hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisinta a Disambar 2021 tana kan 3500. Waɗannan igiyoyi dangi ɗaya ne da na tashar rediyon da kake saurare a mota, da hasken rana, da hasken injin hoton ƙashi. Abin da ya raba su shi ne yawan kaɗawar da kowace ke yi a daƙiƙa. Ƙarfin da ke cikinsu kuma ba a zube yake zuwa ba, curi-curi yake zuwa, kuma gwargwadon saurin kaɗawar igiya gwargwadon ƙarfin curinta.

A nan maganar take. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai DNA, zaren da ke ɗauke da umarnin yadda ƙwayar za ta rayu, ta hayayyafa, ta kuma mutu idan lokacinta ya yi. Kansa tana farawa ne idan wannan zare ya lalace, aka kasa gyara shi, ƙwayar ta ci gaba da hayayyafa ba birki. Kafin haske ya tsinka zaren kai tsaye, dole curi guda ya kasance da ƙarfin da zai ɓalle haɗin da ke riƙe da sinadaransa. Curin hasken hoton ƙashi yana da wannan ƙarfi har ya yi yawa. Wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani shi ma yana da shi, shi ya sa zabaya suke fama da kansar fata a ƙasarmu. Curin igiyar waya kuwa ya gaza abin da ake buƙata da kusan sau miliyan ɗaya. Ko hasken fitilar ɗakinka ya fi shi ƙarfi sau dubu ɗaruruwa. Ƙara yawan curin ba ya cike giɓin: ko buhun gero ka watsa wa tulu ƙwaya-ƙwaya ba zai tsage ba, amma dutse guda daga danƙo yana fasa shi.

A wurin aiki muna ganin wannan bambanci ido da ido. Ɗakin hoton ƙashi muna kare shi da dalma ko bango mai kauri, ma'aikaci yana maƙala wani ɗan ma'auni a ƙirji da ake karantawa lokaci-lokaci don a san abin da jikinsa ya sha. Idan aka haska jinin mutum da wannan haske aka duba ƙwayoyinsa a madubin gwaji, ana ganin zaren ya kakkarye, kuma in an ƙara haske karayar na ƙaruwa. Ko a wane ɗakin gwaji aka yi a duniya, abin da za a gani ke nan. Wannan shi ne ma'aunin da nake gwada kowace da'awa a kansa: illa ta bayyana, ta ƙaru idan an ƙara abin da ake zargi, wani kuma ya maimaita gwajin ya same ta. Ka riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

Zafi, da maganar ƙwai

Abu ɗaya da aka tabbatar igiyar rediyo na yi wa naman jiki shi ne ɗumama shi, domin tana girgiza ƙwayoyin ruwan da ke ciki. Da haka na'urar ɗumama abinci ke aiki, sai dai ita tana zuba wat 800 zuwa 1000 a cikin akwatin ƙarfe rufaffe. Wayar GSM, a iyakar ƙarfinta, matsakaicin abin da take fitarwa kashi ɗaya cikin huɗu ne na wat ɗaya, kuma galibi ba ta kai hakan. Jikinka kansa, kana zaune ba ka komai, yana fitar da zafin da ya kusa wat 100. Ranar azahar ta watan Afrilu a Sakkwato tana sauke kusan wat 1000 a kan kowace murabba'in mita.

Sai mu lissafa ƙwan. Ko da duk abin da waya biyu ke fitarwa ya shige cikinsa, ba ko ɗigo da ya fice, sai an yi kusan awa huɗu kafin ya kai zafin dahuwa. A zahiri mafi yawan igiyar watsewa take yi, ɗan abin da ya shiga kuma iska ta kwashe. Ƙwan ba zai taɓa dahuwa ba. A cikin kai, lissafi da awo sun nuna ɗumin da igiyar waya ke ƙara wa ƙwaƙwalwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, jini kuma yana kwashe shi. Zazzaɓin cizon sauro na ɗaga zafin jiki digiri biyu ko uku.

Zafin kunnen da kake ji gaskiya ne, amma mafi yawansa daga batir da injin wayar yake, da kuma toshe fatar da ka yi ka hana ta shan iska. An gwada an ga ko wayar a kashe take, in aka manna ta a kunne na tsawon lokaci kunnen yana ɗumi. Nauyin kai kuwa, mutumin da ya yini yana ciniki da ɗaga murya, wuya a karkace, cikin zafin da ya haura digiri 40, ga ƙarancin shan ruwa, ba sai an nemo masa wani ɓoyayyen dalili ba.

Saboda wannan ɗumi ne aka kafa iyaka da ake kira SAR, wato yawan ƙarfin da kilo ɗaya na nama ke sha. A Amurka iyakar ita ce wat 1.6 a kilo, a Turai kuma wat 2 ga kai da gangar jiki, bisa ƙa'idar ICNIRP, hukumar masana ta duniya kan kariya daga irin waɗannan igiyoyi, da aka fitar a 1998 aka sabunta a 2020. Ana kuma bibiya. A Satumbar 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 bayan awon da ta yi ya nuna 5.74 a inda iyakar hannu da ƙafa take 4, sai da kamfanin ya gyara manhajar wayar.

Abin da aka gani a ɗakin gwaji

Da a ce lissafi kaɗai ya isa, da na tsaya nan. Amma jikin mutum ya fi lissafi zurfi, kuma masu bincike sun yi gaskiya da suka tambaya ko akwai wata hanya ban da zafi. An yi ɗaruruwan gwaje-gwaje a kan ƙwayoyin jini, na fata, na jijiya da na maniyyi. A 1995 Henry Lai da Narendra Singh na Jami'ar Washington sun ba da rahoton tsinkewar DNA a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka haska. A 2004 wani babban aikin Tarayyar Turai mai suna REFLEX ya ba da rahoto makamancin haka a kan ƙwayoyin ɗan Adam. Wasu sun ce sun ga ƙaruwar sinadaran iskar shaƙa masu cin ƙwaya, waɗanda in sun yi yawa suna iya taɓa DNA a kaikaice. Waɗannan rahotanni su ne tushen mafi yawan muryoyin da ke yawo a WhatsApp, kuma da gaske an wallafa su.

Matsalar ita ce da wasu masana suka maimaita gwaje-gwajen, galibi ba su sami abin ba. Da aka tattara ayyukan aka jera su bisa inganci, sai wani abu ya fito fili: gwargwadon tsantsenin da aka yi a gwaji, gwargwadon ƙarancin illar da aka gani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa renon ƙwayoyin halitta. Halittu ne masu saurin fushi. Ɗan canjin zafi, ko girgiza faranti, ko barin su a waje na 'yan mintoci, yana sauya su. In ba a auna ainihin abin da suka sha ba, in babu rukuni na biyu da aka yi wa komai iri ɗaya ban da kunna igiyar, in kuma mai duba madubi ya san wane faranti aka haska, to sakamakon ba abin dogaro ba ne. Ina yawan ganin ayyukan ɗalibai inda aka ajiye waya tana ƙara a kejin ɓeraye na makonni, sannan a yanka su a ce an ga canji a hanta ko a maraina. Tambayar da nake yi musu ita ce: da me kuka raba illar igiya da illar ƙara, da haske, da firgicin dabbar da aka hana barci? Ina son matasanmu su yi wannan bincike, amma su yi shi yadda zai tsaya a gaban kowa.

Akwai aikin da ba a ture shi da sauƙi. A 2018 shirin gwajin guba na gwamnatin Amurka, NTP, ya fitar da sakamakon haska ɓeraye gaba ɗaya jikinsu, kimanin awa 9 kullum har shekara 2, da ƙarfin da ya kai wat 6 a kilo ga manyan ɓeraye, 10 ga ƙanana. Iyakar da aka yarda wa jama'a ga dukan jiki ita ce 0.08. An sami wani ƙari na jijiyar zuciya a wasu daga cikin mazan manyan ɓeraye, ba a sami hujja bayyananna a matan ba, haka ma a ƙananan ɓeraye. Abin mamaki, mazan da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. Cibiyar Ramazzini ta Italiya ta ba da rahoton irin wannan ƙari a shekarar. A ganina wannan sakamako ya isa ya sa a ci gaba da bincike da gaske, amma bai isa a ce wa mai waya a kunne yana cikin halin waɗancan ɓeraye ba.

An kuma ga ƙananan canje-canje a jikin mutane. A 2011 Nora Volkow da abokan aikinta sun nuna cewa bayan minti 50 da waya a kunne, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kusa da eriya ya ƙara cin sukari da kimanin kashi 7 cikin 100. Canji ne, amma ba kowane canji ne cuta ba. Buɗe ido ka kalli abu ma yana ƙara aikin ɓangaren gani na ƙwaƙwalwa.

Mutanen da suka daɗe suna riƙe waya

Hujja mafi nauyi ita ce ta mutane. Binciken Interphone da aka yi a ƙasashe 13 aka fitar a 2010 bai ga ƙaruwar kansar ƙwaƙwalwa a jimlace ba. Amma a cikin kashi ɗaya cikin goma da suka fi kowa yawan kira, waɗanda suka ce sun yi awa 1640 ko fiye a waya, an ga ƙaruwar kusan kashi 40 cikin 100 ta wata kansar ƙwaƙwalwa da ake kira giliyoma. Awa 1640 kusan rabin awa ke nan kullum na shekara goma, kuma na san kai ka wuce haka, don haka ba zan ɓoye maka wannan ba. Sai dai binciken ya dogara ne da tunawar marasa lafiya, wasu ma sun faɗi awannin da ba za su yiwu ba, kuma mai ƙari a kai yakan ɗora laifi a kan abin da yake zargi. Wannan sakamako da na rukunin Lennart Hardell a Suwidin su suka sa hukumar IARC, reshen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya igiyar rediyo a rukunin 2B a Mayun 2011, ma'ana akwai zato amma hujja ba ta cika ba. Rukuni na 1, inda hujja ta cika, can taba take, da ciwon hanta nau'in B, da gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi funfuna.

Bayan haka an yi ayyukan da ke bin mutane tun suna lafiya. Na Denmak ya bi masu layi sama da 350,000. Na Birtaniya ya bi mata kusan 776,000, aka fitar da sakamakonsa a 2022. Wani mai suna COSMOS ya bi mutum kusan 250,000 a Turai, sakamakonsa ya fito a 2024. Babu wanda ya ga ƙaruwar kansar ƙwaƙwalwa, har a cikin masu yawan kira. A 2024 ɗin dai, nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi ƙarƙashin Ken Karipidis na Ostareliya ya tattara ayyuka 63 daga 1994 zuwa 2022, bai sami alaƙa ba. Kuma a ƙasashen da ke da cikakkiyar rajistar masu kansa, waya ta shiga hannun kusan kowa amma adadin masu kansar ƙwaƙwalwa bai yi tsallen da za a gani ba da zargin gaskiya ne.

Inda hujjar ba ta yi kauri ba shi ne wanda ya fara riƙe waya tun yana ƙarami ya ɗauki shekara talatin ko arba'in yana yi, domin wannan tsara ba ta tsufa ba tukuna. Kusan duk manyan ayyukan kuma a Turai da Amurka da Ostareliya aka yi su.

Maganar haihuwa

Nan ne na fi jin damuwarka. Maraina suna son sanyi, shi ya sa Allah Ya ajiye su a wajen jiki, zafinsu na ƙasa da na ciki da kusan digiri biyu. Wasu gwaje-gwaje da aka yi a kan maniyyi a kwalba sun nuna raguwar motsi, amma suna da irin raunin da na ambata. Aiki mafi girma a kan mutane shi ne na Suwizalan da aka fitar a 2023, a kan samari 2886. Masu taɓa waya fiye da sau 20 a rana an sami kaurin ƙwayoyin maniyyinsu ƙasa da na masu taɓa ta jefi-jefi da kashi 21 cikin 100, amma ajiye waya a aljihun wando bai nuna wani bambanci ba, kuma alaƙar ta yi ta raguwa a shekarun ƙarshe na binciken. Mai yawan taɓa waya yana iya zama mai yawan zama da ƙarancin barci, waɗannan ma suna taɓa maniyyi.

Ni ba likitan haihuwa ba ne, amma abin da zan gaya wa ƙanena shi zan gaya maka. Shekara ɗaya da aure ba ciki ta isa a je asibiti, ku kun yi uku. A kusan rabin irin wannan matsala akwai hannun ɓangaren namiji, don haka kada a bar uwargida ita kaɗai da yawon magani. Gwajin maniyyi ba shi da wahala, ana yin sa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan asibitoci, bayan an ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. Sanannun dalilai su ne kumburin jijiyoyin maraina, tsohon ciwon sanyi da ba a warkar da kyau ba, hangum da ya sauka ƙasa bayan balaga, taba, ƙwayoyi irin su tiramadol, ciwon suga, da dogon zama a wuri mai zafi. Da yawansu suna da magani. Abin da nake tsoro shi ne ka ɗora wa waya laifi, ka cire ta daga aljihu, ka zauna jira, shekaru su wuce alhali akwai abin da likita zai iya gyarawa.

Ƙarfen sabis, da abin da za ka iya yi

Eriyar ƙarfen sabis tana can sama, tana harba igiyarta nesa, ba ƙasa ba, kuma ƙarfin igiya na raguwa da sauri: in nisa ya ninka biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Awon da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna abin da ke isowa gidaje ƙasa yake ƙwarai da iyaka. Hasali ma kusancinsa yana rage maka, domin waya tana daidaita ƙarfinta da kanta. In sabis ya cika sai ta yi ƙasa-ƙasa, in ya rage sanda ɗaya sai ta buɗe iyakar ƙarfinta. Kiran da kake yi a gonakin albasa inda sabis ke yankewa, ko a cikin mota kan hanya, ya fi na ɗakinka fitar da igiya. Wanda ke maƙwabtaka da ƙarfen sabis, hayaƙi da ƙarar janareta ne ƙorafinsa na gaskiya, kuma yana da haƙƙin kai kuka a kansu.

Tun da sana'arka ta dogon kira ce, ragewa ba ta cin kuɗi. Sa iyafis ko ka buɗe sifika, tazarar taƙi ɗaya tsakanin waya da kai tana zubar da mafi yawan abin da kai ke sha, ta kuma hutar da wuyanka. In sabis ya yi rauni, gajarta magana ko ka tura saƙon murya. In wayarka na iya kira ta 3G ko 4G, galibi sun fi 2G ƙarancin fitarwa. Sayi waya mai sanannen suna wadda NCC ta amince da nau'inta, don jabu ba wanda ya auna ta. 'Yan faci-facin da ake mannawa a bayan waya wai suna tare tiriri, kada ka ba da kuɗinka, in ma sun tare wani abu sai su sa wayar ta ƙara ƙarfi. Yara a rage musu dogon kira a kunne. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya bar santimita 15 tsakaninta da waya.

Illolin waya da muke gani a asibiti da idonmu daban ne. Mai amsa kira yana tuƙi, mota ce ko kabu-kabu, haɗarinsa na ninkawa kusan sau huɗu. Waya a ƙarƙashin matashi tana caji na iya ɗaukar zafi har batir ya kumbura, musamman da jabun caja. Ƙure ƙarar iyafis na cinye ji a hankali, kuma ba ya dawowa.

Game da kanka, in zafin kunne da nauyin kai suna wucewa bayan ka huta ka sha ruwa, canza yadda kake riƙe wayar ka gani. Amma in ji ya ragu a kunne ɗaya, ko kana jin ƙara a cikinsa ba ta tsayawa, ko ciwon kai yana tashinka da asuba da amai, ko gani ya rikice, ko wani sashe na jiki ya yi sanyi, kada ka tsaya neman ko waya ce ko ba ita ba, ka je a duba ka a wannan makon. Ka sa a auna maka hawan jini ma in ka je.